Gubar maganin ƙwari a Jazira: Wa zai biya diyyar waɗanda ke fara kai ɗauki?

Idan gangar maganin ƙwari ta fashe a sito, ko mai feshi ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar gonar auduga, ba motar asibiti ce ke fara isa wurin ba. A ƙauyukan Jazira da na bakin Shuɗin Nilu, wanda mutanen can ke kira Nil Azraƙ, masu fara isa su ne maigadin sito, da leburan da ke aiki a gonar kusa, da matar da ta zo kawo abinci, sai kuma ma'aikacin ƙaramin asibitin ƙauye. Su ne ke cicciɓar wanda ya faɗi da hannu tsirara, su tuɓe masa rigar da ta jiƙe da magani, su share abin da ya malala a ƙasa.

Da yawa daga cikin waɗannan mutane Hausawa ne. In gubar ta taɓa su, ko a ranar ko bayan shekaru, tambayar da ke biyo baya ita ce wanda zai ɗauki nauyin magani, da wanda zai ciyar da gida idan mai nema ya kasa aiki. Doka ta tanadi diyya da fanshon naƙasa, amma hanyar isa gare su tana da ƙofofi uku, kuma kowace tana iya rufewa a fuskar lebura.

Yadda Hausawa suka shiga aikin Jazira

Hausawa sun daɗe suna ratsa Sudan a kan hanyar zuwa Makka, wasu su yada zango su yi noma don neman guzuri, daga nan su zauna. Ayari mafi girma ya zo ne bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar.

A 1925 aka gama gina madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe gandun noman rani na Jazira tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu. Bayan an ƙara ɓangaren Manaƙil, faɗinsa ya haura fadan miliyan 2, wato fiye da hekta 800,000, kuma hedikwatarsa na Barakat kusa da Wad Madani. Auduga ce ƙashin bayan gandun, ita kuwa auduga tana cin hannu. Mutanen da suka fito daga yamma, Hausawa da Fulani da Barebari da mutanen Darfur, su ne suka cike wannan giɓi. Wasu sun samu hawasha, wato gonar da hukumar gandun ke ba manomi. Mafi yawa sun zauna a matsayin 'yan ƙwadago da masu noman raba-daidai, a unguwannin da ake kira kambo, jam'insu kanabi, waɗanda galibi ke bakin magudanan ruwa, gab da gonakin da ake yi wa feshi.

Shekaru tamanin na feshi

An fara fesa DDT a audugar Jazira a tsakiyar shekarun 1940. Daga baya feshin ya koma na jirgin sama, kuma yawansa ya riƙa ƙaruwa. A ƙarshen shekarun 1970 ana fesa gona sau takwas ko tara a kaka ɗaya, saboda ƙwarin sun saba da maganin, musamman farin ƙudan da ke sa auduga danƙo. Wannan ne ya sa a 1979 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta shigo da shirin rage dogaro da feshi. Ban da na gona, akwai feshin cikin ɗakuna don kashe sauro, da zuba magani a magudanan ruwa don kashe dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya, aikin da Shirin Lafiya na Shuɗin Nilu ya shafe kusan shekara goma yana yi daga 1979.

Kowane feshi yana da mutanen da ke bayansa: masu sauke ganguna, masu haɗa magani a filin saukar jirgi, masu goya famfon feshi a baya, masu wanke kayan aiki. Akwai kuma abin da ya yi saura. An taɓa binne tarin maganin ƙwarin da ya lalace a wani rami a gefen garin Hasahisa, wurin da mutanen yankin ke kira maƙabartar magungunan ƙwari. Rahoton da Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, ta fitar kan Sudan a 2007 ya nuna cewa tsofaffin magungunan da aka jibge a rumbuna babban haɗari ne ga ma'aikata da maƙwabta. Sudan tana da dokar magungunan ƙwari tun 1974, an sabunta ta a 1994 tare da majalisar ƙasa mai yi wa magunguna rajista. Sai dai wannan doka ta shigo da magani ce da sayar da shi, ba ta biyan wanda maganin ya kwantar ba.

Abin da gubar ke yi wa jiki

Illar iri biyu ce, kuma bambancinsu ne ke yanke hukunci a maganar diyya.

Ta farko ita ce mai bugu nan take. Magungunan da ake kira oganofosfet, irin su malatiyon, suna toshe wani sinadari a jiki mai suna kolinestares, wanda ke daidaita saƙon jijiyoyi. Mutum sai ya fara dalalar da miyau, gumi ya karyo masa, ƙwayar idonsa ta tsuke, ya yi amai da gudawa, numfashi ya yi masa wuya. Ba sai an sha ba, maganin yana ratsa fata, yana kuma shiga ta numfashi. Shi ya sa wanda ya rungumi majinyaci mai jiƙaƙƙun tufafi zai iya kwasar gubar shi ma. A asibiti ana amfani da allurar atrofin. Wasu da suka farfaɗo sukan sake samun raunin tsokar wuya da ta numfashi bayan kwana ɗaya zuwa huɗu. Wasu kuma bayan mako biyu ko uku ƙafafunsu su fara mutuwa, abin da kan bar mutum da ɗingishi na dindindin.

Ta biyu ita ce mai tafiyar hawainiya. A 2015 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, IARC, da ke Lyon a Faransa, ta sanya lindan cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara, ta kuma sanya DDT da malatiyon da diyazinon cikin waɗanda ake kyautata zaton suna jawo ta. Bincike a ƙasashe da dama ya danganta daɗewa ana hulɗa da maganin ƙwari da cutar karkarwa ta Parkinson. A Jazira mutane sun daɗe suna kokawa kan yawan sankara da ciwon ƙoda, kuma cibiyar sankara ta Jami'ar Jazira da asibitin ƙoda na Wad Madani sun kasance matattarar majinyata daga ƙauyuka. Amma likita ba zai iya duban sankarar mutum ɗaya ya rantse cewa feshin wata shekara ne ya kawo ta ba. A nan ne mai neman diyya ke fara shan wahala.

Me dokar Sudan ta tanada?

Dokoki biyu ne ginshiƙi. Akwai dokar diyyar raunin aiki ta 1981, wadda ta ɗora wa mai ba da aiki nauyin biyan ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aikinsa. Akwai kuma tsarin inshorar ma'aikata, wanda dokar 2016 ta haɗe shi da na fansho a ƙarƙashin asusu ɗaya na ƙasa. A wannan tsari ana cire kashi 8 cikin 100 daga albashin ma'aikaci, mai ba da aiki ya zuba kashi 17. Idan ma'aikaci mai rajista ya naƙasa saboda aiki, kwamitin likitoci na gwamnati, wanda ake kira ƙomisiyon ɗibbi, shi ke auna girman naƙasar. Gwargwadon abin da ya rubuta ne ake biyan kuɗi a dunƙule ko fansho na wata-wata, in kuma mutum ya rasu a biya iyalinsa.

'Yan kwana-kwana a Sudan suna ƙarƙashin rundunar Difa'ul Madani, wadda reshe ce ta 'yan sanda, don haka hakkinsu yana bin dokar 'yan sanda. Ma'aikatan jinya na gwamnati suna bin tsarin ma'aikatan gwamnati. Waɗannan aƙalla suna da fayil da lambar aiki. Matsalar tana ga sauran.

Ƙofofi uku

Ƙofa ta farko ita ce shaidar cewa mutum ma'aikaci ne. Dokar ƙwadago ta Sudan ta 1997 ta cire 'yan aikin wucin gadi daga cikin waɗanda take karewa. Ta kuma cire ma'aikatan gona, in ban da masu sarrafa injuna da gyaransu da masu aiki a wurare irin masana'antar gurzar auduga. Ke nan direban tarakta yana cikin inuwar dokar, mai goyon famfon feshi a gona ɗaya da shi yana rana. Yarjejeniyar lebura da mai hawasha galibi ta baki ce, ana biya a wuni ko a kaka. Wanda kuwa ya rugo don ceto maƙwabcinsa ba shi da ubangidan da za a ce ya biya, domin ba aiki aka ɗauke shi ba.

A kan wannan akwai tsohuwar matsalar takardun zama ɗan ƙasa. Dokar 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa zuriyarsa na zaune a ƙasar tun 1897, abin da ya bar iyalai da yawa na Hausawa a waje. Dokar 1994 ta sassauta zuwa 1956. Duk da haka, wanda ba shi da lambar ɗan ƙasa, wato raƙam waɗani, ba zai iya buɗe fayil a ofishin inshora ba.

Ƙofa ta biyu ita ce shaidar cewa gubar ta taɓa shi. Gwajin jinin kolinestares yana nuna guba ne kawai idan an yi shi da wuri, domin sinadarin yana komawa daidai cikin makonni zuwa kimanin wata uku. Ƙaramin asibitin ƙauye ba shi da kayan gwajin. Alamomin kuma suna kama da na zazzaɓin cizon sauro ko kwalara ko bugun rana, don haka abin da ake rubutawa a kati sau da yawa ba ya ambaton magani. Idan ba a rubuta sunan maganin da ranar da abin ya faru ba, bayan shekara biyar babu abin da za a nuna.

Ƙofa ta uku ita ce alaƙa tsakanin cutar da aikin. Rauni irin na karaya ba ya buƙatar dogon bayani. Cutar da ta ɓulla bayan shekara goma sha biyar kuwa, mai ba da aiki zai ce gado ce, ko taba, ko tsufa. In an bar wa majinyaci nauyin kawo hujja, to da wuya ya yi nasara, domin hujjar da ake nema ko manyan asibitoci ba sa iya bayar da ita kan mutum ɗaya.

Yadda wasu ƙasashe suka buɗe ƙofa ta uku

Maganin da aka samo shi ne juya nauyin hujja. Doka ta jera cututtuka da ayyuka. Duk wanda ya nuna ya yi aikin na tsawon lokacin da aka ƙayyade, kuma ya kamu da cutar da ke jerin, to an ɗauka aikin ne ya jawo masa, sai in mai musu ya kawo hujjar akasin haka. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, tana da irin wannan jeri, wanda ta sabunta a 2010, kuma cututtukan da maganin ƙwari ke jawowa suna ciki.

Faransa ta bi wannan hanya ga ma'aikatan gona. A 2012 ta amince da cutar Parkinson a matsayin cutar aiki ga wanda ya yi shekara goma yana hulɗa da maganin ƙwari. A 2015 ta ƙara wani nau'in sankarar jini. A Disambar 2021 ta ƙara sankarar furostet, wadda ake yawan kira sankarar mafitsarar maza, bayan dogon ƙorafin mutanen tsibiran Gwadalup da Martinik kan maganin kulodekon da aka yi ta zubawa a gonakin ayaba. Tun 1 ga Janairun 2020 akwai asusu na musamman na biyan waɗanda maganin ƙwari ya cutar, har da yaran da gubar ta taɓa tun suna ciki saboda aikin iyayensu, kuma harajin da ake ɗora wa cinikin magungunan yana cikin abin da ke cika asusun.

A Amurka, darasin ya fito ne daga masu kai ɗauki. Ranar 11 ga Satumban 2001, 'yan kwana-kwana 343 suka mutu a tagwayen benayen New York. Dubbai da suka yi aikin tono a ɓaraguzan sun shaƙi ƙura mai guba. Wani ɗan sanda, James Zadroga, ya rasu a 2006 da ciwon huhu, kuma sai da aka yi ta jayayya kan abin da ya kashe shi. Dokar da ke ɗauke da sunansa ta samu sa hannun Shugaba Barack Obama a Janairun 2011, aka ƙara nau'o'in sankara a 2012, sannan a 2019 aka tsawaita asusun diyyar zuwa 2090. A Satumban 2023 yawan ma'aikatan hukumar kwana-kwana ta birnin da cututtukan wurin suka kashe ya kai 343, daidai da na ranar harin. Abin lura shi ne tsarin bai tsaya ga masu albashi ba, ya haɗa da 'yan sa-kai da suka yi aiki a wurin. A 2022 kuma IARC ta sanya aikin kashe gobara kansa cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara.

Ko a ƙasashe masu arziki, ke nan, an shafe shekara goma ko fiye kafin a amince. Abin da ya taimaka shi ne rajistar sunayen waɗanda suka yi aikin, da gwajin lafiyarsu a kai a kai.

A Najeriya, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta sa masu ba da aiki su zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, kuma ta haɗa da cututtukan aiki. A Nijar, CNSS ce ke kula da haɗurra da cututtukan aiki. Amma a can ma, mai feshin ƙwadago a Kadawa ko Jiratawa da wuya a same shi a rajista. Ga 'yan ci-rani kuwa, Sudan da Najeriya duk sun amince da yarjejeniya ta 19 ta ILO, wadda ta ce a biya baƙon ma'aikaci diyyar haɗarin aiki daidai da ɗan ƙasa.

Yaƙi ya ƙara dagula lissafi

Rikicin da ya ɓarke a jihar Nil Azraƙ a Yulin 2022 ya kori dubban Hausawa daga gidajensu a yankin Damazin da Rusairis. Daga nan yaƙi ya tashi ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojoji da dakarun RSF. A Disambar 2023 RSF ta kama Wad Madani, sojoji suka ƙwato ta a Janairun 2025. A tsakanin nan an wawashe ofisoshi da rumbunan gandun Jazira, asibitoci sun tsaya, mutane sun gudu sun bar takardunsu. Mazauna kanabi sun sha hare-hare, har da wanda aka kai Kambo Ɗayba a Janairun 2025.

Illar wannan ga maganar diyya ta fuska biyu ce. Takardun aiki da na asibiti da za su zama hujja sun watse. Sannan aikin agaji ya koma hannun matasan ɗakunan agajin gaggawa da 'yan sa-kai na Hilal Ahmar, waɗanda ba su da albashi balle inshorar aiki. Masu komawa gida yanzu su ne za su share rumbunan da aka fasa, su kwashe gangunan da aka yasar, wasu ma su ɗauke su don zuba ruwan sha. Gangar maganin ƙwari kuwa wanki ba ya tsarkake ta.

Abin da iyali da unguwa za su iya yi yanzu

Na farko shi ne kare mai ceto. Duk wanda zai taɓa wanda guba ta kayar ya rufe hannunsa, ko da leda ce, ya janye shi daga wurin zuwa inda iska ke kaɗawa, a tuɓe jiƙaƙƙun tufafin a ƙulle a leda, a wanke jiki da ruwa mai yawa da sabulu. Kada a ɗura masa madara ko mai, kada a sa shi amai da gangan. A garzaya asibiti da kwalbar maganin ko hoton takardar da ke jikinta. Mai ceton ma ya yi wanka, ya faɗa wa likita cewa ya taɓa maganin.

Na biyu shi ne rubutu. A roƙi ma'aikacin lafiya ya rubuta a kati cewa ana zargin gubar maganin ƙwari, da sunansa da kwanan wata, a nemi gwajin jini da wuri in akwai. A sanar da mai ba da aiki a rubuce, a gaban shaidu biyu. Idan gobara ce ko malalar magani daga sito, a kai rahoto ga 'yan sanda ko Difa'ul Madani a karɓi lambar rahoton. A ɗauki hoton kowace takarda da waya, a tura wa wani ɗan'uwa a wani gari, saboda takarda tana ƙonewa, waya tana ɓata.

Na uku aikin gayya ne. Sarkin Hausawa ko limami ko kwamitin kambo zai iya ajiye littafi guda: wa ya yi feshi, a gonar wa, da wane magani, shekara nawa, wa ya faɗi, wa ya ɗauke shi. Irin wannan littafi ba hukuncin kotu ba ne, amma da shi ne ƙungiyoyi irin su Mu'utamar Kanabi, mai fafutukar hakkin mazauna kanabi, da lauyoyi da masu bincike na Jami'ar Jazira za su iya tsayawa gaban hukuma da sunaye da ranaku.

Sauran aikin na gwamnati ne: shigar da ma'aikatan gona da na wucin gadi cikin inshorar raunin aiki, ɗaukar ɗan sa-kai da ya ji ciwo wajen ceto tamkar ma'aikaci, jera cututtukan maganin ƙwari yadda majinyaci ba zai ɗauki nauyin hujja shi kaɗai ba, da ɗora wani kaso a kan masu shigo da magungunan. Ana ta maganar farfaɗo da gandun Jazira bayan yaƙi, a gyara magudanai, a kawo iri da taki da magani. Jiragen feshi za su dawo, kuma mutanen kanabi ne za su sake tsayawa a ƙarƙashinsu. Wanda aka rubuta sunansa da ranar da ya faɗi yana da abin riƙewa in ya je neman hakkinsa. Wanda ba a rubuta ba, 'ya'yansa ne za su sayar da awaki su biya kuɗin asibiti.